Yadda muke haɗa tambayar binciken log a cikin kod

Ƙaramin kamfaninmu a Gusau manhajoji yake kula da su, na masu POS da kantunan magani da 'yan sarin hatsi. Duk motsin da manhaja ta yi sai ta rubuta layi ɗaya a log: lokaci, lambar na'ura, abin da aka nema, da amsar da saba, wato kwamfutar da manhajar ke magana da ita, ta bayar. Layukan nan a Elasticsearch, wani injin ajiye bayanai da bincikensu, muke zuba su. Idan mai POS ya kira da yamma yana cewa kuɗi sun fita amma ba su shiga ba, ma'aikaci lambar na'ura da rana kawai yake cikewa a wani fom, kod ɗinmu na yaren Python ya gina tambayar binciken da kansa.

Ginin tambayar nan shi ne inda ake yawan tafka kuskure. Hanyar da kowa ke fara bi ita ce jona rubutu: a ɗauko abin da mutum ya shigar, a manna shi cikin jimlar bincike, a miƙa wa query_string, nau'in tambayar da ke fassara alamomin da ke cikin jimla a matsayin umarni. Kwana biyu tana aiki lafiya. Sai ranar da wani ya rubuta 14:30, injin ya ɗauki 14 a matsayin sunan fili, wato sashen layi kamar lokaci ko lambar na'ura, domin a tsarin Lucene, wanda Elasticsearch ke aiki a kansa, ɗigo biyu shi ke raba sunan fili da abin nema. Lambar rasit mai alamar / irin ta raba kwanan wata ma haka, injin zai zaci tsarin kamanta haruffa ne aka fara. Alamar ƙari da ke gaban 234 a lambar waya kuwa, ma'anarta a wurinsa "dole a samu". Alamomin da yawa, kuma duk wanda ya ce zai riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana toshewa, wata rana sai ɗaya ta sulale masa.

Shi ya sa ba ma jona rubutu. Tambayar a matsayin ƙamus na Python muke gina ta, wato jerin sunaye kowane da abin da ke ƙarƙashinsa, kayan aikin json na Python ya mayar da ita saƙo. A tsakiya akwai bool, mai haɗa sharuɗɗa, a cikinsa jerin sharuɗɗan tacewa na filter wanda ke farawa babu komai. An ba da lambar na'ura, a ƙara sharaɗin term, mai neman kalma daidai yadda take. An ba da rana, a ƙara range, mai iyakance daga ina zuwa ina, a kan filin lokaci. Ba a bayar ba, a tsallake. Mun fi son filter a kan must, ɗan'uwansa mai auna dacewa, saboda log ba ya bukatar a auna wane layi ya fi dacewa, kuma injin na iya ajiye amsar filter don gaba. Sai dai term yana son filin keyword, wanda ke ajiye rubutu yadda ya zo. In aka ɗora shi kan filin text, wanda an riga an daddatsa shi an mayar ƙananan baƙaƙe, sai ka nemi ERROR ka tashi hannu rabbana alhali layukan suna nan.

Lokaci kuma masifa ce mai zaman kanta. Log a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yake, mu muna gaba da awa ɗaya. Sha biyun daren Gusau sha ɗayan daren jiya ce a log. Wanda ya manta, cinikin awar farko ta yini zai faɗa lissafin jiya, mai shago ya zo yana rantsuwa an ci masa kuɗi. Kod ɗinmu da Africa/Lagos, wato agogon Najeriya, yake karɓar rana, ya juya ta zuwa UTC kafin ya gina range, da gte (daga nan zuwa sama) a farko da lt (ƙasa da nan) a ƙarshe, don kada layin da ya faɗo daidai kan sha biyu ya fito a rana biyu.

Iyakar sakamako ma tana yaudara. Elasticsearch ba ya wuce layi 10,000 ta hanyar from da size, masu faɗin inda za a fara da yawan layin da za a kawo, kuma tun daga siga ta 7 ƙidayar jimla ma a nan take tsayawa sai an kunna track_total_hits. Ranar kasuwa na'urori kaɗan ke haye wannan adadi. Muna jera sakamako bisa lokaci da wata lamba ta biyu da ba ta maimaituwa, mu riƙa jawo dubu-dubu da search_after, wanda ke ɗorawa daga inda aka tsaya.

Tauraro (*), mai tsayawa a madadin kowane irin haruffa, a farkon kalma kuwa mun hana shi a fom ɗin gaba ɗaya, domin yana sa injin ya bi kowace kalma da ke filin, ƙaramar sabarmu ta yi ta nishi. Kuma kowace tambaya da kod ya gina, sai ya rubuta kwafinta a log ɗinsa kafin ya aika, lambar waya a rufe sai huɗun ƙarshe.