Gwangwanin madarar da ya ɓata mini darasi

Har yau in na tuna Talatar nan raina sosuwa yake. Sati biyu na yi ina shirya wa 'yan taminal ɗina, wato ajin ƙarshe na sakandare, a nan Garwa gwajin gangara: katako mai mita 2 daga wajen kafinta, na tada kansa ɗaya da bulo santimita 20, ƙwallon ƙarfe na boris da wani bakanike ya ba ni, guntun fayif, sai gwangwanin madarar ruwa da na saya a shago don ya tsaya a matsayin silinda cikakke. Allo kuwa na cika shi da lissafin yadda saurin kowanne zai riƙa ƙaruwa, ƙwallo zai samu 5/7 na g sinθ (g jan ƙasa ne, θ kuma kusurwar karkatar katako), silinda 2/3, fayif rabi kawai tunda duk nauyinsa a baki yake. Wato ƙwallo zai sauka a sakan 2.4, silinda kusan 2.5, fayif 2.9. Da bakina na ce musu nauyi da girma ba sa cikin maganar, ƙwallo ne zai riga kowa sauka.

Muka saki, wallahi gwangwanin nan ya bar ƙwallo a baya ƙarara. Muka sake har sau biyar, haka dai. Na goge katako, na juya shi, na canza mai saki, duk a banza. Wata yarinya a gaba ta ce, "Malam, to ko lissafin ne ba daidai ba?" Maganar nan ita ta fi yi mini ciwo, don duk wahalar da na sha so nake su gani da idonsu cewa abin da ke kan allo gaskiya ne, sai ga shi an tashi aji ban da amsar ba su.

Sai da dare a gida ina jujjuya gwangwanin a hannu na ji madara na kaɗawa a ciki. Ashe! Madarar ruwa ba ta juyawa tare da gwangwani, ƙarfen nan siriri ne kaɗai ke juyi, ita kuwa kusan sulalewa kawai take yi zuwa ƙasa. Kuzarin da ya kamata ya tafi wajen juya dukan nauyin sai ya koma gudu. ½mR² ɗin da na rubuta a allo, wato ma'aunin wuyar juya silinda cikakke (m nauyinsa, R rabin faɗinsa), na abin da ke juyawa gaba ɗaya ne, ni kuma ban taɓa girgiza gwangwanin ba kafin na kai shi aji, ban ma gwada shi ni kaɗai ba, abin da bai wuce minti ɗaya ba.

Da sati ya zagayo na kawo gwangwanin tumatir mai kauri, wanda ko ka girgiza ba ka jin komai. Ya biyo bayan ƙwallo kamar yadda lissafi ya ce, amma tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, yatsa a kan agogon waya ba zai kama ta ba, sai da muka ɗauki bidiyo muka bi shi a hankali. Masu son gwadawa, kada ku tada katakon da yawa, abu zai fara zamewa lissafi ya watse.

Madarar ma na dawo da ita, na miƙa wa yarinyar nan na ce ta girgiza a kunnenta. Ita ta yi wa aji bayanin da bakinta kafin na ce komai.