Yadda Muka Gyara Ƙungiyar Karatunmu

Lokacin da muka kafa ƙungiyar karatu a shekararmu ta biyu a jami'a, mu tara ne, kuma cikin makonni uku zaman ya koma dandalin hira, domin kowa yana zuwa ne da fatan wani zai yi masa bayanin abin da bai karanta ba. Da muka lura da haka, sai muka rabu gida biyu, rukuninmu ya koma mutum huɗu, muka kuma amince cewa ba wanda zai zo ba tare da ya karanta babin da aka ware ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne rufe littafi. Ɗayanmu zai je gaban allo ya kawo darasin da ka, sauran kuma su yi ta yi masa tambayoyi har a gano inda fahimtarsa ta tsaya. Ba na manta ranar da na tsaya riƙe da alli, na kasa bayyana abin da na ɗauka na haddace da daddare.

Tun a 1885 masanin nan ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, shi ya sa muke fara kowane zama da bitar makon jiya na minti goma. Muna haɗuwa sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi, wayoyi kuma suna cikin jaka har a tashi.