Daga Bashi zuwa Jam'iyya: Abin da Na Koya game da Hamilton da Jefferson

Shekarun da na yi ina karantar da tarihin siyasar Amurka sun nuna mini cewa ɗalibi ya fi gane asalin jam'iyyun ƙasar idan aka fara masa da maganar bashi kafin a kai ga aƙida. Abin da aka saba shi ne a raba allo gida biyu, a sa Alexander Hamilton a gefe guda tare da gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da masana'antu da ƙawance da Ingila, a sa Thomas Jefferson a ɗaya gefen tare da ikon jihohi da noma da ƙaunar Faransa. Rabon ba ƙarya ba ne, sai dai yana sa a zaci kowannensu ya shigo gwamnatin George Washington da jam'iyyarsa a aljihu. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 bai ambaci jam'iyya ko sau ɗaya ba, kuma Jefferson da kansa ya rubuta a wata wasiƙa a 1789 cewa in da ba a shiga aljanna sai a ƙarƙashin jam'iyya, to ya haƙura da shigarta.

Rigimar ta samo asali ne a Janairun 1790, lokacin da Hamilton, wanda shi ne sakataren baitulmali, ya gabatar wa majalisa shirinsa na biyan bashin yaƙin neman 'yanci. Ana bin gwamnatin tarayya kusan dala miliyan 54, ana bin jihohi kusan miliyan 25, shi kuwa ya nemi tarayya ta ɗauki duka, ta kuma biya duk wanda takardar bashi take hannunsa cikakken kuɗin da aka rubuta a kanta. A nan nake jan hankalin ɗalibai su dubi takardar kanta. Sojan da ya yi yaƙi an sallame shi da ita a maimakon albashi, talauci ya sa ya sayar da ita a wulaƙance ga ɗan kasuwar birni, yanzu kuma ɗan kasuwar ne zai kwashi riba. James Madison, wanda shekaru biyu kacal kafin nan yake rubuta maƙaloli tare da Hamilton don kare tsarin mulkin, ya nemi a ba masu takardun na asali wani kaso, majalisa ta ƙi. Ga kuma ƙorafin Virginia, wadda ta riga ta biya mafi yawan bashinta, tana ganin za a tatsi harajinta a sauke wa Massachusetts nata nauyin. Hamilton bai ɓoye lissafinsa ba, domin a ganinsa attajirin da yake bin gwamnati kuɗi ba zai so ta rushe ba. An sasanta a wata liyafar cin abinci a gidan Jefferson a New York: tarayya ta ɗauki bashin, Kudu kuma ta samu sabon babban birni a bakin kogin Potomac.

Sai da maganar banki ta taso a 1791 saɓanin kuɗi ya rikiɗa ya zama saɓanin fassarar doka. Hamilton ya nemi a kafa bankin ƙasa mai jarin dala miliyan 10, gwamnati ta mallaki kashi ɗaya cikin biyar, a ba shi lasisin shekara 20. Washington ya nemi ra'ayin ministocinsa a rubuce. Jefferson ya ce tsarin mulki bai lissafa kafa banki cikin ikon majalisa ba, kuma duk abin da ba a ba tarayya ba na jihohi ne da jama'a. Hamilton ya amsa da cewa wanda aka ɗora wa karɓar haraji da cin bashi, an ba shi izinin kayan aikin da zai yi su da shi ko da ba a ambata ba. Washington ya sa hannu.

Ra'ayin minista, komai ƙarfinsa, ba ya zama jam'iyya sai ya samu mai kai shi kasuwa da mashaya, kuma jaridu ne suka yi wannan aiki. John Fenno yana buga jaridar da take yabon Hamilton, yana kuma samun kwangilar buga takardun baitulmali. Jefferson ya ɗauki Philip Freneau aikin fassara a ma'aikatarsa ta harkokin waje, shi kuwa ya buɗe jaridar da take caccakar gwamnatin da take biyansa albashi. Juyin juya halin Faransa ya ƙara rura wutar, musamman bayan an kashe Sarki Louis na 16 a 1793, sannan yarjejeniyar da manzon Amurka John Jay ya ƙulla da Ingila ta raba majalisar dattawa 20 da 10 a 1795. Kafin Washington ya yi jawabin bankwana a 1796 yana gargaɗi a kan ɓangaranci, bakin alƙalami ya riga ya bushe: akwai 'yan Federalist na Hamilton, akwai 'yan Republican na Jefferson, waɗanda ba su ne jam'iyyar da take ɗauke da wannan suna a yau ba. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar John Adams na Federalist ya samu ƙuri'un wakilai 71, Jefferson 68.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne abin da mulki ya yi wa waɗannan aƙidu. A 1798 'yan Federalist suka yi dokar hukunta mai sukar gwamnati, har aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont wata huɗu, mutanensa kuma suka sake zaɓensa yana kurkuku. Jefferson da Madison suka rubuta ƙudurorin Kentucky da Virginia a ɓoye suna kare ikon jihohi. Amma da Jefferson ya hau mulki, Napoleon ya yi tayin sayar da yankin Louisiana a 1803 a kan dala miliyan 15, mutumin da ya rasa banki a tsarin mulki ya rasa sayen ƙasa ma a cikinsa. Ya tsara gyaran da zai halatta cinikin, ya ga jira zai iya sa Faransa ta janye, sai ya ajiye gyaran ya saya. Yawancin 'yan Federalist kuwa a lokacin ne suka tuna da iyakar ikon tarayya, kuma a taron da suka yi a birnin Hartford a 1814 su ne suke magana da harshen 'yancin jihohi.

Ba na karantar da wannan a matsayin munafunci zalla, domin saɓanin na gaske ne, kuma Hamilton ya nuna haka a 1801. Da Jefferson da Aaron Burr suka yi kunnen doki a zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u 73 kowanne, Hamilton ya roƙi 'yan jam'iyyarsa a majalisar wakilai su fifita Jefferson, saboda ya fi yarda da abokin gaba mai manufa a kan wanda yake ganin ba shi da ko ɗaya. Sai a zagaye na 36 aka raba gardama, kuma Burr ɗin ne ya harbe Hamilton a 1804. Haka nan nakan tuna wa ɗalibai cewa manomi mai cin gashin kansa da Jefferson yake yabo bai haɗa da ɗaruruwan bayin da suke masa noma a gonarsa ta Monticello ba.

Jam'iyyar Hamilton ba ta sake cin shugabancin ƙasa ba bayan Adams, kuma a 1816 ta tsayar da ɗan takararta na ƙarshe. A wannan shekarar ce Madison, wanda ya yaƙi bankin farko a majalisa, ya kuma ɗanɗana wahalar yaƙin 1812 ba tare da banki ba, ya sa hannu a dokar kafa na biyu.