Wasiƙa daga Laifzig: inda goge ya yi shiru

'Yan'uwa da abokan arziki,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Laifzig na ƙasar Jamus, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na ji a majami'ar Toma a makon Ista, wanda har yau ya ƙi fita daga kunnena.

A wannan majami'a Johann Sebastian Bach ya yi aikin shugaban mawaƙa daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Kabarinsa na nan ciki, wani faranti ne na tagulla a daɓe, masu ziyara na ajiye masa furanni. A ranar, labarin shan wuyar Almasihu aka rera kamar yadda Matiyu ya rubuta shi, da kiɗan da Bach ya tsara masa. Sa'a uku muka yi a kan benci, har ƙugu ya fara kuka.

Duk lokacin da mai rera maganar Yesu ya buɗe baki, sai masu goge su ja wani sauti mai laushi, dogo, ya lulluɓe muryar kamar hasken nan da masu zane ke kewaya kan tsarkaka da shi. Bitrus bai samu wannan ba, Bilatus ma haka. Kunne ya saba, har mutum ya daina lura. Sai da aka zo kan gicciye, wajen "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Nan masu goge suka sauke hannu. Muryar ta fito tsirara, kamar ta kowane ɗan Adam mai fama da mutuwa. Na sha jin wa'azi a kan yadda Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, na karanta Filibiyawa sura 2 ban san adadi ba, amma ranar ce maganar ta ratsa ni har tsigar jikina ta tashi. Tauhidi ne zalla, da shirun goge aka faɗe shi.

Magabatan ikilisiya sun san wannan ƙarfi, shi ya sa suka yi ta kai ruwa rana a kansa. Ariyus, wanda taron Nisiya na shekarar 325 ya ƙi koyarwarsa cewa Ɗan Allah, wato Yesu, halitta ne, da waƙa ya yaɗa ra'ayinsa har bakin ma'aikatan jirgin ruwa da matafiya. A Milan kuwa, a 386, da fadar sarki ta so ƙwace wata majami'a don mabiya ra'ayin Ariyus, bishop Ambros da jama'arsa suka tare a ciki suna rera waƙoƙi dare da rana. Kowane ɓangare ya gane cewa talaka ba ya haddace muhawarar malamai, amma abin da ya rera ya zauna masa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Agustin, babban malamin ikilisiya na wancan zamani. Waƙoƙin Milan sun sa shi hawaye lokacin da ya tuba, duk da haka ya rubuta cewa in daɗin murya ya fi motsa shi fiye da abin da ake faɗa, to ya yi zunubi. Da zamanin gyaran ikilisiya ya zo, wannan fargaba ta raba kan manyan jagororin gyaran. Zwingli, wanda shi kansa gwanin kiɗa ne, ya kawar da kiɗa daga sujada a Zurik, har aka cire ogan, wato babban kayan kiɗan coci, daga babbar majami'ar birnin. Calvin a Janiba ya yarda da Zabura kawai, murya ɗaya, ba kayan kiɗa. Luther kuwa ya ce in an cire tauhidi, babu abin da ya kai kiɗa daraja, ya kuma sa wa jama'a waƙoƙi a bakinsu da Jamusanci tun 1524. Ni dai ina bayan Luther. Bulus ya ce wa Kolosiyawa su koyar da juna da zabura da waƙoƙi, Yesu ma sai da ya rera waƙa da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Amma ban isa in raina Agustin ba, ga kuma dalili.

A hanyar komawa gida na tsinci kaina ina gunguna wani kari da ya yi ta dawowa har sau biyar a cikin kiɗan na Bach. Ya shige ni sarai, alhali ko kalma ɗaya ban riƙe ba, don Jamusancina bai nuna ba tukuna. Daga baya na gano cewa karin ma asalinsa na waƙar soyayya ne, Hans Leo Hassler ya wallafa shi a 1601, saurayi na kukan wata budurwa ta rikita masa zuciya. Wato abin da ya bi ni har gida bai san coci ba sai da aka ɗora masa wasu kalmomi.

Na zauna da ɗan littafin da aka raba mana da ƙamus a gefe, na nemo baitin da aka rera nan da nan bayan Yesu ya saki ransa. Roƙo ne ga wanda aka yashe ɗin: ranar da zan bar duniya, kada ka rabu da ni.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Laifzig