Asabar a Yamai: ƙasusuwan Gadufawa da itacen Tenere

Kayan da na zo ɗauka ba za su iso ba sai Litinin, don haka da Yaya ta ce in fitar mata da ɗanta ko ta samu ta yi wanki cikin natsuwa, ban yi musu ba. Yaron ne ya zaɓi wurin, gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma daga baya aka raɗa masa sunan Boubou Hama, marubucin nan da ya daɗe yana shugabancin majalisar dokokin Nijar. Shi dai zakuna da dorina yake so ya gani, don akwai gidan namun daji a ciki. Muka kama tasi da hantsi kafin rana ta buɗe.

Zakunan suna barci, dorina kuma hanci kawai ta nuna mana. Abin da ya fara ɗaukar hankalina ɗakunan ne, fari da shuɗi, da zayyana a bango irin ta magina na ƙasar Hausa. Mutum ya baro Katsina ya zo bakin kogin Kwara ya tarar da adon gidan kakansa a jikin ginin gwamnati.

Daga nan muka faɗa wurin ƙasusuwa. Na sha ganin dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, a talabijin, kuma kullum a raina dabbar Turawa ce, tunda a ƙasashensu ake nuna ta. To ga wata nan tsaye da aka tono a Gadufawa, cikin hamada, kudu maso gabas da Agadas. Masu neman yuraniyom ne suka fara cin karo da ƙasusuwa a wurin, sannan wani masanin Faransa, Philippe Taquet, ya je a shekarun 1960 ya haƙo wannan. A 1976 ya sa mata suna Ouranosaurus nigeriensis. Tsawonta ya kai mita 7, kuma duk girman nan ganye take ci. Abin kallon yana gadon bayanta: ƙasusuwa dogaye, fala-fala, a jere a tsaye kamar haƙoran matsefi. Har yau masana ba su daidaita a kansu ba. Wasu sun ce fata ce ta rufe su tana taimaka wa dabbar sarrafa zafin jiki, wasu sun ce tozo ne na ajiyar kitse. Yaron ya duba ya duba, ya yanke hukunci.

"Kawu, raƙumi ne, wuyan ne bai fito ba."

Ban gyara masa ba, ai yana tare da rabin masanan.

Ƙasusuwan wani ƙaton kada ne suka sa ya yi shiru. Sarcosuchus ake ce masa, shi ma daga Gadufawa, ƙoƙon kansa kaɗai ya wuce mita ɗaya da rabi, jikin kuma ana ƙiyasin mita 9 zuwa 12. Masana sun ce waɗannan halittu sun rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake koguna da dausayi. Kada mai wannan girma a inda yau ruwan alwala ma sai an yi tattali. Ikon Allah. Kuma ba sai an koma can nesa ba, shekara 7,000 kacal baya akwai tafkuna da kifi da raƙuman dawa a Sahara, mutanen lokacin sun sassaƙa siffar raƙuman dawan a duwatsun Ayar, wato Azbin.

Amma inda na fi daɗewa yau ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wani busasshen itace ne da aka killace a ƙarƙashin rumfa, ba ganye, ba kyau, rassa sun murɗe, jiki ya tsattsage. Da a bakin hanya aka gan shi, mai tuyar ƙosai za ta tura yaro ya sassaro mata. Wannan shi ne itacen Tenere, wani yanki na hamadar Sahara a Nijar.

Itacen ƙaya ne, dangin bagaruwa, tsayinsa bai wuce mita 3 ba. Shi kaɗai ya rage daga itatuwan da suka tsiro a wurin tun ƙasar ba ta bushe haka ba. Ta kowace fuska sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 150 ba ka ga wani ba. Saboda haka masu zana taswira, waɗanda garuruwa ma sukan tsallake, suka riƙa sa shi a taswirarsu da sunansa. Da aka haƙa rijiya a gefensa tsakanin 1938 da 1939, sai aka ga saiwarsa ta nutsa har ta kai ruwa a zurfin mita 33 zuwa 36. Na tsaya na yi lissafi: abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ninka na sama sau goma da wani abu.

Yana kan hanyar ayarin gishiri ne, daga Agadas zuwa Fachi da Bilma. Buzaye su tashi da gero bayan damina, su dawo da dabino da kantu, wannan gishirin da ake saya wa dabbobi a kasuwanninmu. Ban taɓa tunanin hanyar da kantu ke biyowa ba sai yau. Raƙuma dubbai sukan wuce ta gindin itacen nan, da yunwa, masu su kuma suna neman abin hura wutar shayi a inda ko kara babu. Amma aka bar shi. Babu mai gadi, babu allon gargaɗi, babu tara. Madugu bayan madugu, kowa ya san idan itacen ya tafi alamar hanya ta tafi, sai a janye akala a wuce. A ganina wannan ya fi tsawon saiwar ban mamaki.

Mota ce ta kashe shi. Tun a ƙarshen shekarun 1950 wata babbar mota ta buge shi ta karya masa sashe, sannan a 1973 wata ta gama da shi, ana cewa direban a buge yake. Fili iya ganinka, ba kwana, ba cunkoso, abu ɗaya tak da za a iya karo da shi, kuma aka yi karon, har sau biyu. Na yi dariya, wani dattijo da ke gefena ya kalle ni, na haɗiye sauran. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗauko gawar itacen aka kawo Yamai. A gurbinsa can an kafa wani na ƙarfe.

Yaron ya gaji da tsayuwata, yana ta jan rigata. Muka bi ta wurin masu sana'a, maƙeran azurfa suna ƙwanƙwasa sarƙoƙin Agadas, dukawa suna ɗinkin jaka. Na yi ciniki da Hausa, aka amsa mini da Hausar da ta fi tawa zaƙi, aka kuma ci ribata daidai gwargwado. Na saya wa Yaya zobe.

Da daddare, muna cin dambun zogale, na ba mijinta labarin. Shi direba ne, ya taɓa yin hanyar Dirku, can cikin hamada, kuma bai ji daɗin yadda na yi wa direban dariya ba. Ya ce in fara tuƙa mota mai lodi cikin yashi tukuna, inda kana taka burki ta kafe, kuma ido ya gaji da kallon wofi har hannu ya riƙa karkata zuwa ga duk abin da ya gani tsaye. Na ce to ayari fa? Ya ce raƙumi yana da hankalinsa ban da na mai shi, mota kuwa naka kaɗai take da shi. Yaya ta ce mu bar musun mu kwanta, gobe da sassafe za mu Kure kallon raƙuman dawa, kuma ba ta son a bar ta da haɗa guzuri ita kaɗai.