Da Hajiya za a je

Asabar, ƙarshen Nuwamba, Bauchi.

Yau dai Allah Ya yi an tsayar da inda za mu kai yara wannan hutun, bayan an daɗe ana ja-in-ja. Adashina ya fito tun ranar Laraba, Baban yara kuma ya ce shi zai ji da mai da masauki idan ni na ji da abinci. Wuri kawai ya rage, kuma wurin ne ya cinye mana yinin yau gaba ɗaya.

Da ma ɗan farina ne ya tayar da ƙurar. Tun da makarantarsu ta kai su horo Dutsen Shere a bayan Jos, suka hura wuta, suka kwana a waje, ya dawo ba shi da zance sai na kwanan daji. Da safe muna shan koko ya zo da takarda ya jera wurare da hannunsa: Shere a sama, sai Assop, sai Gashaka-Gumti. Yankari ya jefa ta can ƙasa, wai ai kowa ya je Yankari. Shi kuwa bai taɓa zuwa ba.

Hajiya na kan dardumarta tana jin mu. Ta ce, "Angona, mu da muka tashi a ƙauye, mutum ba ya kwana a waje sai zafi ya kore shi daga ɗaki, ko fatauci ya kai shi inda ba shi da kowa. Yanzu kuɗi za a biya a kwana a ƙasa?" Ya ce to ta zauna ta yi gadin gida. Ta ce wa ya isa, ƙafarsa ƙafarta. Muka yi dariya, amma da na dubi fuskarta na ga da gaske take. Baban yara ma ya gani, don ya ajiye cokali ya ce to shi ke nan, da Hajiya za a je.

Daga nan takardar yaron ta tashi daga aiki, shi dai bai sani ba tukuna. Shi yana tambayar inda ya fi dutse da duhun daji. Ni kuwa tambayata ta farko banɗaki ce: ina yake, taku nawa daga wurin kwana, mace mai ciwon gwiwa za ta iya zuwa da dare da tocila? Sai ruwan alwala, sai inda za a shimfiɗa darduma ba tare da mutane na gilmawa ta gaba ba, sai sauro, sai ko waya na samun sabis, sai nisan asibiti idan jikin Auta ya tashi. Babu ɗaya daga ciki da yake fitowa a hotunan da yaron yake nuna mana a waya.

Gashaka bai ɗauki minti biyu ba. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa, a can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Amma kafin mutum ya kai Serti, garin da ake bi a shiga gandun, daga Bauchi ya shafe yini a mota. Wannan tafiyar samari ce, in ya girma ya je da abokansa.

Jos ce muka ɗan tsaya a kanta, don tana kusa kuma muna da 'yan'uwa a can. Sai dai Jos a Disamba ba wasa ba ce. Garin kansa yana bisa tudu mai kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura 1,800. Auta da ko a nan Bauchi sai na shafe masa ƙirji da man zafi idan hunturu ya kankama, shi za a kwantar a ƙasa a can? Assop kuma wurin yini ne, a ganina. Ruwa ne ke gangarowa ta kan duwatsu a wajen Hawan Kibo, kyakkyawa ƙwarai, amma duwatsun da santsi, kuma mai yaro ɗan shekara uku ba za ta ga ruwan ba, yaron za ta yi ta kallo.

Bayan azahar Baffan yara ya iso. Shi ne ƙanin maigidan, yana yawan bin hanyar Gombe saboda aikinsa, kuma jiya yaron ya roƙe shi ya aro masa tanti wurin wani abokinsa. Ya kawo kuwa, a cikin doguwar jaka. Na ce kafin a ci gaba da gardama a kafa shi a tsakar gida mu gani.

Allah Sarki. Sun kai kusan la'asar suna fama da sandunan, iska na ɗaga shi, Auta na shiga yana fita ana korarsa. Da ya tsaya sai ga shi ɗan ƙarami. A jikin jakar an zana mutum huɗu a kwance, amma ko dai masu zanen ba su san jikin mutanen gidan nan ba. Baban yara ya shiga ya miƙe, ƙafafunsa na taɓa ƙofa. 'Yata ta leƙa ta ce ita ina za ta canza kaya? Babu wanda ya amsa mata. Sannan aka ce Hajiya ta gwada. Ta zo da sandarta ta tsaya a bakin ƙofar, ta duba tsayinta, ta dubi jikanta, ta ce ita ruku'un da take yi wa Ubangijinta ma a zaune take yin sa yanzu, ba za ta yi wa tsumma ba. Ta koma ɗaki.

Yaron ya yi shiru. Na ji tausayinsa, don na san ya ƙwallafa rai. Ban ce masa komai ba, na bar Baffansa da shi.

Baffa ne ya dawo da zancen Yankari, kuma ya iya ba da labari. Ya ce daga nan a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya dama, a miƙe har Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga ƙofar kuma sai an ƙara kusan kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin Wikki. Duka-duka tafiyar ta haura kilomita 100. Ya ce a sansanin akwai ɗakuna manya da ƙanana, da wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi mai ƙasusuwa da fatun namun daji da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta. Ya ce wa yaron, "Kai da kake neman daji, faɗin wurin nan ya fi murabba'in kilomita 2,200. Idan dare ya yi ka fito bakin ɗaki za ka san a daji kake, ba sai an kwantar da kai a ƙasa ba."

Ni na taɓa zuwa tun ina makarantar sakandare, abin da na fi riƙewa shi ne ruwan Wikki. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya canzawa rani da damina, dare da rana, digiri 31. A hunturu babu abin da ya kai wannan daɗi. Amma yau da idon uwa nake tuna shi. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, ya shanye babban mutum, sai can ƙasa yake zama daidai yara. Kuma sai an sauka matakala mai tsawo kafin a kai gare shi. Na gaya wa Hajiya wannan tun yanzu. Ta ce za ta sauka a hankali, ko sau ɗaya ne, ta tsoma ƙafafunta, an ce yana yi wa gwiwa daɗi. Hawowa kuma ga ango nan zai riƙe ta.

'Yata ce ta ja ni gefe a kicin ta tambayi abin da ni ma yake raina: yaya mata suke yi? Na ce da sassafe za mu je, bayan asuba da gari ya ɗan waye, kafin jama'a su sauko, da doguwar riga mai kauri da wando, Babanku na tsaye daga sama. Shi ya sa na dage kada mu je ranakun Kirsimeti ko sabuwar shekara, lokacin da wurin ke cika. Tsakiyar mako nake so, da zarar an ba da hutu. Baffa ya ce masu son ganin dabbobi sosai sun fi zuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, komai ya taru a bakin kogin Gaji. To a lokacin yara na makaranta, zafi kuma ya fara. Mu dai abin da ya samu: in an ga giwa alhamdu lillahi, in gwanki da ɓauna da gwambaza aka gani su ma ai ba a tsakar gidanmu suke ba.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci birai ne. Duk wanda ya je Yankari da labarin gwaggon biri yake dawowa. A cikin sansanin suke yawo, su da gadu, kuma sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Baffa ya ce ƙa'idar ɗaya ce: kada a riƙe abinci a fili, kada a ba su, a rufe ƙofa da taga ko da fita ɗaya za a yi a dawo. Na dubi Auta, wanda ba a raba hannunsa da biskit. Wannan aikin na ɗora wa yayansa: duk inda Auta yake a waje, yana gefensa, hannun yaron kuma babu komai. Na ga ya ɗan miƙe zaune da ya ji an ba shi aiki. Sai ya shiga karanto mana daga waya cewa tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma akwai kogwannin Marshall da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki. Wurin da ya sa a ƙarshen takarda da safe ke nan.

Bayan magariba Baban yara ya kira masaukin ya tambayi ɗakuna biyu masu kusa da juna, ɗaya ni da Hajiya da 'yata da Auta, ɗaya shi da yaron. Na sa ya tambayi gidan sauro, duk da haka zan tafi da namu. Ya yi wa yaron alkawari za a saka tantin a but, in sun isa su tambayi jami'an wurin ko akwai inda aka yarda a kafa kusa da ɗakuna. In an yarda su biyu su kwana a ciki, in ba a yarda ba magana ta ƙare, ba a jayayya da masu gadin daji. Ya kuma kafa sharaɗin da ni ma nake goyon baya: hantsi za mu bar gida, hantsi za mu baro can, duhu ba zai same mu a hanya ba, kuma a daren da za a tashi zai kira wanda ya sani a Alkaleri ya ji lafiyar hanya.

Sumu, wani gandun namun dajin, ita ma ta shigo zancen, don 'yata raƙumin dawa take son gani, shi kuwa a can yake, cikin dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006 tare da jakin dawa. Tana nan ƙaramar hukumar Ganjuwa, ba nisa. An bar ta a tafiyar yini, a je da safe a dawo da la'asar, wata Asabar cikin Janairu.

Hajiya kafin ta kwanta ta aiko a tambayi ɗanta ko tafiyar ta kai ta ƙasaru. Ya ce ta kai har ta wuce. Ta ce to a tuna mata da maganin hawan jininta da ƙaramar kujerarta ta sallah, kuma a saya mata takalmi mai kama ƙasa.

Litinin zai kai mota wurin makaniki a duba tayoyi da birki. Ni kuma zan shiga kasuwar Wunti in sayo naman dambu, da jarka biyu, da dogayen riguna masu haske saboda ƙudan tsando, an ce baƙi da shuɗi yake bi. Saura in roƙi maƙwabciyata ta riƙa zuba wa kaji ruwa.