Wasiƙa daga Ingila: Idan Aka Sa Fadar Tarihi a Kasuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Duk lokacin da aka ji za a sayar da wata tsohuwar fada a nan Ingila, hankali kan tashi, ana tambayar wane ne mai saye. Mu da muke aikin gyaran tsofaffin gine-gine mun fi damuwa da sharuɗɗan da aka rubuta a takardar ciniki, da kuma halin da rufin yake ciki. Fadar Apethorpe da ke yankin Northamptonshire ta isa misali.

An soma gina gidan a shekarun 1470. Sarki James na Ɗaya, wanda marubuci ne kuma da umarninsa aka yi fassarar Baibul ta 1611, ya sha sauka a can, saboda shi aka ƙara ɗakunan sarauta tsakanin 1622 da 1624. A gidan kuma Mildmay Fane ya zauna, mawaƙin da aka buga waƙoƙinsa a 1648. Daga baya ya zama makarantar horon yara, aka rufe ta a 1982, wanda ya saya kuma ya bar shi ba kowa shekara da shekaru.

A nan ɓarnar take. Gida irin wannan ruwa ne ke cinye shi. Ganye ya toshe magudanar dalma da ke bayan bangon rufi, ruwan sama ya taru ya koma ciki, ya jiƙa kawunan katakan da ke ɗauke da rufin. Da zarar danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari, sai naman gwari mai cin itace ya samu wuri, yana bin bayan filasta inda ido ba ya gani. Kafin tabo ya fito a silin, katakon ya riga ya zama gari. Ga ɓarayin dalma, masu kwashe ta cikin dare su bar rufi a buɗe. Gyara kuma ba ya yiwuwa da gaggawa. Rufin na falalen dutsen Collyweston ne, wanda sai ƙanƙara ta ratsa shi ake iya tsaga shi falle-falle don yin rufi, kuma masu iya jera shi kaɗan ne. Bango kuwa da kwaɓin farar ƙasa ake gyara shi, domin siminti yana kulle danshi a ciki har dutsen ya dinga farfashewa.

Doka ta ba hukuma matakai. A ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, ana iya aika wa mai gida takardar ayyukan gyaran da ya wajaba ya yi, in wata biyu ya wuce bai motsa ba, a soma shirin karɓar gidan da tilas tare da biyan diyya. Haka gwamnati ta karɓi Apethorpe a 2004, hukumar kula da wuraren tarihi ta English Heritage ta kashe kimanin fam miliyan 8 a kansa, aka sayar wa wani Bafaranshe kan fam miliyan 2.5. An yi surutu kan wannan giɓi. A ganinmu cinikin ya yi, domin an ɗaure mai sayen da buɗe gidan ga jama'a kwana 50 kowace shekara har shekara 80, kuma sauran gyara na wuyansa.

Abin da ke damunmu shi ne takardu. Rajistar da gwamnati ke sa gine-ginen tarihi a ciki don kare su ta shafi gini da abin da ke manne da shi, kamar murhu da matakala da adon silin. Littattafai da rubuce-rubucen hannu ba sa ciki, mai su na iya kai su gwanjo ɗaya bayan ɗaya. Iyakar abin da gwamnati za ta yi shi ne jinkirta izinin fitar da su waje, ko wata cibiya a ƙasar za ta haɗa kuɗin saye.

Don haka muke roƙon masu kula da gidajen sarauta da na malamai a gida, inda indararo guda da ya karye kan zubar da soro a damina ɗaya: kafin a yi maganar sayarwa ko rushewa, a ƙirga kundaye, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta a takarda wa zai riƙe su da ranakun da ɗalibai za su iya shiga su karanta.

Wassalam.